Idan wani ɓangaren rokar Estes ya ɓace ana tsaka da haɗawa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ana cikin haɗa Alpha, ƙaramar rokar gwaji ta kamfanin Estes da ake haɗawa a gida, sai aka nemi fiffike ɗaya aka rasa, haka ma siririn bututun nan da ke zamewa a jikin sandar harbawa. Odar wasu daga Amurka sai an yi makonni. Waɗanda suka taɓa yin madadinsu da hannu, me ya yi aiki?

Kafinta: Wa'alaikumus salam. Ɗora ɗaya daga cikin biyun da suka rage a kan katakon balsa (wani katako marar nauyi) mai kauri iri ɗaya, ka zana, ka yanka da sabuwar reza. Inda ake yawan kuskure shi ne jijiyar katakon: dole ta bi gefen gaba na fiffiken. In ta kwanta daidai da jikin roka, saukar farko zai tsage. Bayan yanka, haɗa ukun wuri guda ka goge da sanfefa har bakinsu ya daidaita. In babu balsa, manna kwali mai tauri ninki uku da farin gam ɗin kafintoci, a danne da abu mai nauyi ya kwana. Amma fa sai ka sauya duka ukun, don kwali ya fi balsa nauyi.

Malamin fiziks: Kan bututun, ɗan'uwa, kada ka sa tsinken shan lemo na roba. Farin gam ba ya kama shi, sai ya ɓalle lokacin tashi. Kaurin sandar milimita 3.2 ne. Naɗa mata salatif zagaye ɗaya, ka naɗe takarda a kai sau uku da gam, tsawon santimita 3 zuwa 4. Salatif ɗin ne zai bar ɗan sarari don roka ta zame ba tare da cijewa ba.

Maman Ɗalibai: In zoben da ke tare inji ne ya ɓace, yanko milimita 6 daga kwanson tsohon inji mai faɗin milimita 18 da ya riga ya ƙone, a kankare cikinsa. Daidai yake shiga. Lemar saukar da roka (farashut) kuwa, leda mara kauri, faɗin santimita 30, kusurwa shida da zare shida masu tsawo ɗaya. Robar wando ta wurin tela tana maye gurbin igiyar da ke haɗa hancin roka da jikinta, tsawonta ya ninka na rokar sau biyu ko uku. Takardar kare lema daga zafi ce ba a maye ta da tishu, domin wuta yake kamawa ya faɗo cikin busasshiyar ciyawa.

Malamin fiziks: Gaskiya ne, Hajiya. Ƙari ɗaya mai muhimmanci: duk abin da aka sauya, nauyi ya motsa. Sa inji, misali A8-3, da lema, ka nemo inda roka ke daidaita a kan yatsa, ka ɗaura igiya a nan ka wulwula ta. In hanci ne ke gaba, lafiya. In tana juyawa, cusa ɗan yumɓu a cikin hanci ka sake gwadawa. Manhajar OpenRocket kyauta ce, tana yin wannan lissafin. Ana so cibiyar nauyi ta kasance gaban cibiyar matsin iska (inda ƙarfin iska ke tattaruwa a jikin roka) da aƙalla faɗin jikin rokar, wajen milimita 25 a Alpha.

Kafinta: Ban da ƙarfe a hanci, jiki ko fiffike. Inji da abin kunna shi kuma ba a haɗa su a gida. In su ne suka ɓace, a jira na kamfani.