Nutso daga jirgin ruwa a Hurghada: yaya ake shiga, yaya ake fita?

Sabon-shiga: Salamu alaikum. Wanda ya koyi nutso da tukunyar iska daga bakin gaɓa, yanzu zai fita da jirgi a Hurghada, garin Masar da ke gaɓar Bahar Maliya, me ya kamata ya fara ƙwarewa a kai? Shiga da fita ne suka fi ɗaure min kai.

Mai-koyarwa: Wa alaikumus salam. Shigar ta danganta da jirgin. In babba ne mai dandamali a baya, hura rigar iskarka (rigar da ake hura wa iska don ta ɗaga mutum a ruwa) rabi, abin shaƙa a baki, tafin hannun dama ya danne shi, yatsu su riƙe gilashin fuska, hagu tana kan bel ɗin dalma, wanda ke ƙara maka nauyi don ka nutse. Duba ƙasa ka tabbata ba kowa, sannan ka kalli gaba ka yi taku ɗaya mai faɗi. Ban da tsalle, don mai tsalle gindin tukunyarsa ke bugun bakin dandamali. Kwale-kwalen roba kuwa, a gefe ake zama a kifa ta baya, kowa lokaci guda da ƙirgen matuƙi. Wanda ya makara ya dakata, kada ya faɗa kan ɗan'uwansa.

Kafin duk wannan, ja numfashi uku ta abin shaƙa, idonka a kan geji mai nuna iskar da ke cikin tukunya. In allura ta yi ƙasa ta dawo, tukunyar ba ta buɗe sosai ba.

Bahar-Maliya: Malam ya gama magana. Ƙarin kawai, gishirin tekun nan ya kai giram 40 a lita, ruwan yana ɗaga mutum. Gwada dalmarka a gefen jirgi: riga ba iska, numfashi a ƙirji, ruwa ya tsaya maka daidai ido.

Jagoran-nutso: Ɗan'uwa, ni fitar ta fi damuna, don a nan ake jin rauni. Tukunya tana farawa da bar 200, ma'aunin matsin iskar da geji ke nunawa ke nan. A 100 ka juyo, ka hau jirgi da 50. In za ka hau sama, tsaya a zurfin mita 5 na minti 3, ka hura dogon balan-balan ɗinka na alama mai igiya ka sake shi tun daga can don matuƙa su gan ka, farfela ba ta da ido. Kada igiyarsa ta kasance ɗaure a jikinka, in ta harɗe sama za ta fizge ka.

A tsani, riƙe shi tukuna sannan ka cire takalman iyo. Gilashi da abin shaƙa su zauna har ƙafarka ta taka jirgi, saboda igiyar ruwa kan mai da mutum ciki. Kuma don Allah kada ka tsaya ƙarƙashin mai hawa, in ya zame da tukunyarsa zai sauko maka.

In ka yi nutso fiye da ɗaya, bari awa 18 ta wuce kafin ka hau jirgin sama.