Ina za mu kai yara su ga kayan tarihi a Kaduna?

Maman Hanifa: Salam jama'a, an yi hutu yara sun ishe ni, ina so in kai su wurin tarihi ba wurin lilo kawai ba, don Allah ina ya dace?

Baban Sadiq: Hajiya ki fara da wurin shaƙatawa na Gamji, akwai gadar Lugard ta ƙarfe wadda aka ciro daga Zungeru, ƴar ƙarama ce amma ta haura shekara ɗari, daga nan ki wuce Arewa House gidan Sardauna ne, kayansa na nan a ajiye.

Ɗan Tudun Wada: In da mota ku je Zariya ku ga ganuwa da ƙofofi, wallahi raina na ɓaci yadda ruwa ke cinye ta mutane kuma suna gini a jikinta.

Maman Hanifa: Na gode, Asabar insha Allah Gamji za mu fara.