Shawarwari kan bar wa Cocin Katolika wani kaso a wasiyya

A wata tattaunawa kan yadda mutum zai bar wa Cocin Katolika kaso a wasiyyarsa, abin da aka fi nanatawa shi ne a rubuta cikakken sunan majami'a ko cibiyar da za a bar wa kyautar kamar yadda yake a rajista, domin majami'u da dama suna ɗauke da sunan waliyyi ɗaya, kuma irin wannan ruɗani kan kai magada kotu. An fifita ware kaso cikin ɗari a kan ƙayyade adadi, tunda dukiya tana hawa da sauka. A ganina shawarar da ta fi nauyi ita ce a ambaci inda kyautar za ta koma idan an rufe cibiyar ko an haɗe ta da wata. Dokokin Cocin na 1983 sun ɗora wa bishop, wato shugaban majami'un yankin, sa ido kan cika nufin mai wasiyya, amma duk da haka a nemi lauya, a kuma sanar da iyali tun da rai.