Matan da ke jinyar shaye-shaye: me ya sa kamu ke ƙara musu haɗarin HIV?

Ummu_Walida: Assalamu alaikum. Ma'aikatan lafiya, mace tana jinyar barin ƙwaya sai aka kama ta. Ta ina haɗarin HIV ke shigowa, kuma me dangi za su yi?

Malama Nas: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kamu yana katse magani. Idan tana shan ARV, wato maganin rage kaifin HIV, a kai maganin da katin asibitinta wurin da ake tsare da ita tun ranar farko, domin in aka daina sha ƙwayar cutar na sake yawaita a jini. Bayan an sake ta kuma, wadda dangi suka kora ba ta da wurin kwana, sai ta dogara da namijin da ba ta isa ta ce masa ya sa kwaroron roba ba. Masu allurar pentazocine (maganin kashe zafin ciwo da wasu ke maye da shi) kuwa sukan koma amfani da sirinji ɗaya.

Mai_Magani: Idan an yi mata fyaɗe ko ta yi allura da sirinjin wani, a fara PEP, wato maganin gaggawa na hana kamuwa da HIV, cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. Gwajin gaggawa ba ya nuna sabon kamuwa, a maimaita bayan wata 3. In ba ta da cutar, a nema mata PrEP, wato maganin kariya da ake sha tun kafin haɗuwa da cutar.

Dakta_Z: Makonni 2 na farko bayan fitowa su ne mafi haɗari. Jikinta ya daina jure adadin ƙwayar da ta saba sha, in ta koma masa yana iya tsayar mata da numfashi. A tanadi naloxone, maganin farfaɗo da wanda irin wannan ƙwaya ta tsayar wa numfashi. Mai shan methadone (maganin jinyar barin ƙwaya) ta gaya wa likita, domin efavirenz (maganin HIV) da rifampicin (maganin tarin fuka) na rage ƙarfin methadone.