Sashe ne ko fulat? Neman suna ga akwatunan Habitat 67

Jama'a, salamu alaikum. Masu Hausa a baki, ku matso, kalma nake nema.

Makon jiya na shiga rangadin wani gini a Montiriyal ta ƙasar Kanada, Habitat 67 ake ce masa. Da na fito na ɗauko waya zan yi wa Hajiyarmu saƙon murya, na ce "Hajiya, yau na shiga wani...", sai na yi tsit. Wani me? Sau uku ina gogewa ina sakewa. A ƙarshe hoto kawai na tura, ta amso da cewa, "Wannan kwalayen fa, wa ya jibge su?"

Kuma ba ta yi ƙarya ba. Akwatunan kankare ne guda 354, girmansu ɗaya, an zuba su a ƙasa a nan kusa da filin ginin, aka sa ƙugiya ta riƙa ɗaga su tana ɗora wani kan wani har hawa 12. Sai dai ba jeren bulo aka yi musu ba. Wannan ya leƙo gaba, wancan ya juya gefe, wani ya yi tsaye a kan iska kamar an manta da ƙafarsa. In ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai, ta tsakaninsu kana hango sararin sama. Moshe Safdie ne ya zana shi, tun yana ɗalibi a Jami'ar McGill ya fara tunanin, aka gina don baje kolin duniya na 1967 yana bai cika shekara 30 ba. Da 'yan bulon wasan yara na Lego ya riƙa gwada yadda zai jera su.

Abin da mutumin yake nufi shi ne ya sa kalmar ta gagare ni. So ya yi mai zama a bene ya samu abin da mai gidan ƙasa yake da shi: ƙofarsa daban, iskarsa, hasken rana ta gefe fiye da ɗaya, da fili a buɗe. Rufin maƙwabcinka na ƙasa shi ne farfajiyarka. A can sama akwai lunguna a buɗe da kake bi da ƙafa har ƙofarka, iskar kogin San Loran tana kaɗa ka, babu irin dogon lungun otal ɗin nan mai duhu da warin kafet. Da farko mazauni 158 aka fitar daga akwatunan, yanzu sun ragu don wasu sun fasa bango sun haɗe biyu.

To wannan "mazaunin" da na faɗa yanzu don na rasa abin cewa, shi nake nema wa suna. Wanda Bature ke kira afatmen, masu Faransanci su ce aparteman.

Na san amsar farko: fulat. Ni ma da ita na tashi. Matsalarta, a bakinmu ta riga ta sauya gida. In aka ce Alhaji ya gina fulat a bayan gari, kowa zai hango gidan ƙasa ne na zamani, falo da ɗakuna da kicin a rufi ɗaya, ga katanga ga get. Da na ce wa Hajiya na shiga fulat, abin da za ta gani ke nan, kuma ya yi hannun riga da abin da na shiga.

Ɗaki ya yi kaɗan. Bene tsawo kawai yake faɗa, bai ce mutum nawa ne a ciki ba. Gidan haya maganar kuɗi ce, kuma mazauna Habitat ba 'yan haya ba ne, tun shekarun 1980 ginin ya koma hannunsu. Rukunin gidaje kuwa a ƙasa yake shimfiɗe.

Na ga amsoshin da kuka turo tun da na fara jefa wannan tambaya, na gode. Wanda ya ce a kira shi gidan rina, Allah ya shirye ka, amma na yi dariya.

Wata baiwar Allah ta kawo "gidan yawa", kuma na daɗe ina juya ta. Yaya, kalmarki tamu ce tsantsa, ba a ƙirƙiro ta a kan tebur ba, kuma ta faɗi gaskiyar cewa iyalai da yawa ne a gini ɗaya. Abin da ya hana ni ɗauka, kayan da take tafe da su. Da ka ce gidan yawa an ji layin banɗaki da asuba, an ji rigimar igiyar shanya da ta wanda ya bar famfo a buɗe. Shi kuwa wannan gini an yi shi ne takanas don kada ka haɗa komai da kowa. Har banɗakinsa guda aka ƙera shi da roba mai ƙarfi, bango da baho da komai a haɗe, aka zura cikin akwatin kafin a ɗaga. Na shafa bangon, babu layin tayil ko ɗaya.

Wani dattijo kuma ya ce me ya hana a ce gida kawai a huta. Baba, a Habitat kam kusan ka yi daidai, don burin mai zanen ke nan. Amma in kowane akwati gida ne, shi ginin gaba ɗaya fa? Unguwa? Sannan kalmar da muke nema ba ta Habitat kaɗai ba ce, dole ta yi aiki a benayen Abuja da na Jidda, inda babu wata farfajiya sai ƙofa da lamba.

Ni dai ga inda na tsaya: sashe.

Ku tuna babban gida irin na gado. Zaure ɗaya ake shiga, amma a ciki kowane magidanci da wajensa: ƙofarsa, ɗakunansa, madafinsa, makewayinsa, 'yar tsakar gidansa. Ba ka faɗa masa sai da sallama. "Yana sashen Kawu." "An kai amarya sashenta." Wannan fa shi ne afatmen, illa dai namu a kwance yake, nasu a tsaye. Ba sabon abu Turawa suka kawo mana ba balle mu tsaya ƙera kalma mai tsawon igiya wadda ba mai faɗa. Wasu garuruwan ɓangare suke cewa, wasu waje, wasu shiyya, duk na yarda da su, amma sashe ta fi sauƙin jam'i. Sassa. Ginin kuma benen sassa. "Ina zaune a benen sassa, hawa na shida." Ku faɗa da baki ku ji, ba ta tuntuɓe.

Malam, na ga gyaranka, cewa sashe na 'yan uwa ne, jini ɗaya, kuma a bene ba ka san ma sunan na kusa da kai ba. Gaskiya ne asalinta ke nan. Amma kalmar ta daɗe da fita daga gandu. Asibiti na da sassa, jami'a na da sassa, gidajen rediyon ƙetare na da sashen Hausa, ba wanda ya tambayi dangantaka. Ko a gidan gado ma, in aka sa ɗan haya a wajen wanda ya rasu, sashe ake ci gaba da cewa.

Wani abu a gefe da ya burge ni: mutanen Montiriyal ma ba su cika tsayawa kan dogon suna ba. Ƙirga ɗakuna suke yi, su ce uku da rabi, huɗu da rabi, rabin nan banɗaki ne. Ciki da falo ɗinmu ke nan da wata riga.

Saura ɗaya ban warware ba. Irin wannan gini da aka yi don a jarraba wata dabara, na rubuta "ginin gwaji", wani ya ce shi kam ba zai kwana a ginin gwaji ba, sai an gama gwadawa. Yana da hujja, kalmar tana warin rushewa. Alhali wannan ya haura shekara 50 a tsaye, gwamnatin lardin Kebek, inda Montiriyal take, ta sa shi cikin kayan tarihi a 2009. Abin da ya faɗi a gwajin shi ne farashi: an so ya zama hanyar samar wa talaka muhalli da araha, aka rage girman aikin, kuɗin kowane akwati ya yi sama, yau sai mai hali ke zama a ciki. Wanda ke da abin da ya fi "gwaji" ya kawo.

Na dai sake yi wa Hajiya saƙon. Na ce benen sassa ne, kowa da sashensa, kuma kowane sashe da tsakar gidansa a kan rufin na ƙasa da shi. Ba ta tambaye ni ma'anar ko kalma ɗaya ba. Cewa ta yi, "To in na sama yana daka fa?"