Zauren Ɗaliban Fizik, Kumasi: girgizar atam da sufakwandakta

Rabi: Assalamu alaikum. An ba ni aikin seminar a jami'ar KNUST kan yadda girgizar atam, wato fonon, ke shafar ilektiron a sufakwandakta masu jure zafi, wato abubuwan da lantarki ke bi ba tirjiya, waɗanda ba sa buƙatar sanyi mai tsanani kamar na farkonsu. Ta ina zan kama, don Allah?

Malam Idi: Wa alaikumus salam. Kada ki fara da masu jure zafin, 'yata. Ki fara da zaiba. A cikinta Kamerlingh Onnes ya ga tirjiyar lantarki ta ɓace a 1911, a wajen 4.2 K (K ma'aunin zafi ne na Kelvin, mai farawa daga ƙarshen sanyi). A 1950 aka gwada aisotof ɗinta, wato nau'o'in atam ɗinta masu bambancin nauyi, aka ga idan atam ya fi nauyi, ma'aunin zafin da tirjiyarta ke ɓacewa yana sauka. Nauyin atam kuwa girgizarsa yake taɓawa. Wannan hujjar ki riƙe ta da kyau, domin ita ta nuna hannun girgizar wajen haɗa ilektiron biyu-biyu.

Rabi: To ai ilektiron ture juna suke yi, Malam. Ta yaya za su haɗu?

Malam Idi: Idan ɗaya ya wuce, yakan janyo atam ɗin da ke gefensa. Su masu nauyi ne, ba sa saurin komawa mazauninsu, sai wurin ya rage da caji mai jan na biyu. Kamar sawun taya a laka ne, na baya ciki yake faɗawa. A kan haka Bardeen, Cooper da Schrieffer suka gina bayaninsu a 1957.

Bashir Ayigya: Ƙanwata, ki ari littafin Kittel a laburare, ki gama babin fonon kafin ki taɓa na sufakwandakta. Amma ki sani, a 1986 lissafi ya rikice. Bednorz da Müller sun ga tirjiya ta ɓace a kusan 35 K a wani haɗin jan ƙarfe da oksijin, a 1987 kuma YBCO, wani haɗin irinsa, ta kai 93 K, sama da ruwan naitirojin mai 77 K. A inda waɗannan suka fi ƙarfi, canza aisotof na oksijin kusan bai motsa komai ba. Shi ya sa masana da yawa suka karkata ga maganaɗisun ilektiron ɗin kansu.

Hauwa: Yaya Bashir, kada ta jefar da fonon tukuna. Idan aka rage dofin, wato sinadarin da ake ƙara wa haɗin don sauya yawan cajinsa, tasirin aisotof yana ƙaruwa sosai. A 2001 kuma rukunin Lanzara ya ga wata lanƙwasa a ma'aunin ARPES, wato awon ilektiron da haske ke fitarwa daga abu, ya danganta ta da girgizar oksijin, ko da yake wasu sun musa.

Bashir Ayigya: Gaskiyarki.

Malam Idi: Ki ware shafi guda ga MgB2, haɗin magnesiyom da boron, 39 K, shekarar 2001, da haɗin haidirojin da salfa da ya kai 203 K a 2015 ƙarƙashin matsi mai tsanani. Waɗannan biyun fonon ne ke riƙe da su. Ki jera su kusa da na jan ƙarfe, masu sauraro su ga bambancin da idonsu.

Rabi: Allah ya saka da alheri. Yaya Hauwa, zan turo miki daftarin ranar Alhamis.

Hauwa: Turo. Takardun binciken ki duba arXiv, rumbun takardun kimiyya a intanet, da yawa kyauta ne.