Ciwon wuya wata 8, gashi ya ƙi yi mini aiki

Assalamu alaikum, likitocin fisiyo ku taimaka.

Wata 8 ke nan wuyana na ciwo ta dama, yana saukowa kafaɗa har babban yatsa da manuniya suna mintsini, musamman in na ɗaga kai ko na waiga dama. Hoton MRI ya nuna faifan da ke tsakanin ƙashin wuya na biyar da na shida (C5 da C6) ya ɗan turo. Hannun bai rasa ƙarfi ba, ban taɓa sakin kofi ba.

An yi mini gashi sau 12, sau 3 a mako: zafi minti 15, na'urar TENS (mai sa ɗan lantarki a fata don rage ciwo) minti 20, sai tausa. Sauƙin ba ya wuce awa 4. Maganin ciwo Diclofenac kuwa cikina ya hana ni sha. Abin ɗaure wuya na sa mako 2, sai wuyan ya ƙara sandarewa.

Abin da ya fi damuna shi ne atisayen mayar da haɓa baya. Sau 10 nake yi, riƙewa daƙiƙa 5, amma daga na shida sai mintsinin ya sauko har yatsu ya kwana a can.

Shin in dakatar da wannan atisayen in nemi a gwada jan wuya da na'ura tukuna?